Ankwa a Cikin Jaka

Da la'asar, a tashar ƙananan bas ta unguwar Ard al-Liwa, inda ba a cika jin Hausa ba, wata dattijuwa ta ji budurwar da ke gefenta tana waya da Hausa. Tana gamawa, dattijuwar ta kamo hannunta.

"'Yata, ankwa nake gani a jakarki? Rufe maza!"

Budurwar ta yi dariya. "Ta roba ce, Inna, kayan aikina ne. Wani gidan shaƙatawa ne a unguwar Mohandessin, an tsara shi kamar kurkuku. Mutane su biya, mu sa musu kayan fursuna, mu kulle su, a kai musu abin sha a ɓoye. Ni ce ganduroba."

"Da kuɗinsu?"

"Har layi suke yi."

"Abin shan fa, wane iri ne?"

"Ni dai ba na taɓa shi. Tsawa kawai nake daka musu."

"Tsawa? Ashe ba ki iya ba. Na gaske ba sa tsawa. Kwana arba'in na yi ina kai wa Alhusaini abinci inda aka tsare shi, da takardar zamansa a ƙasar nan ta ƙare. Ki tsaya da kwano tun safe, ba mai ɗaga kai ya dube ki."

"Ma'alish, sannu Inna. Ɗanki ne?"

"Autana. Ya fito, alhamdulillahi, yana Damagaram."

Budurwar ta rufe jakar. "To nuna min yadda suke yi. Maigidanmu kullum cewa yake fara'ata ta yi yawa."

Dattijuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta gyara mata mayafi.

"A'a, wannan kam ba zan koya miki ba. Yalla, je ki ci gaba da tsawarki."