Goran Nono a Saman Gajimare

Chesang: Alo? Yaya Yariwo? Kina ji na?

Yariwo: Chesang! Ina kwana? Ya sanyin Kapchorwa?

Chesang: Lafiya lau, Yaya. Ya Kampala? Ya aikin asibiti?

Yariwo: Da godiya. Ya yaran? Maigidan naki fa, yana nan da dankalinsa?

Chesang: Yana nan. Bana dankali ya yi kyau.

Yariwo: Madalla. Tsaya, wannan hakin fa? Kamar saniyar da aka koro daga gona.

Chesang: Iska ce.

Yariwo: Iska ke haki? Ba ni Baba mu gaisa. Kin haɗa masa kaya dai ko? Jibi Litinin motar za ta zo ɗaukarsa, har na gyara masa ɗaki.

Chesang: Yaya, yau Asabar, ƙarfe shida na safe, na kai masa shayi na tarar ba ya ɗaki.

Yariwo: Wayyo Allah! Shi ne kika tsaya ba ni labarin dankali?

Chesang: Kwantar da hankalinki, ga shi kusa da ni. Bari in bi miki tiryan-tiryan. Babu sandarsa, babu bargonsa. Na ɗaga kai, goran nonon nan da yake tarbar masu gudu da shi, shi ma babu.

Yariwo: Ai yau ake tseren hawan dutse! Filin makaranta ya tafi, inda ake ƙarewa.

Chesang: Can na fara dubawa. Sai na tuna a zamanin da yake gudu ba a nan ake ƙarewa ba. A sama ne, kan falalen dutsen nan na bayan kurmi.

Yariwo: Kan me? Maganarki na yankewa.

Chesang: Falalen dutse! Inda Inna take jiransa a da.

Yariwo: Da waɗannan gwiwoyin? Wa kika aika?

Chesang: Ni na hau. Da gudu.

Yariwo: Ke? Ke da rabonki da gudu tun cikinki na fari?

Chesang: Da takalmin zuwa gona ma. Ni na manta hanyar, amma ƙafafuna ba su manta ba. Na ratsa kurmi raɓa na zubo mini, birai na leƙena. Sai hazo ya rufe ni, ban ga komai ba. Can na ɓullo cikin rana. Yaya, gajimare yana ƙarƙashinmu yanzu. Garin ya ɓace gaba ɗaya, kamar an cika ƙwarya da nono.

Yariwo: Bar ni da gajimare. Baba fa?

Chesang: Yana zaune lulluɓe da bargo. Da ya hango ni ya miƙe, ya girgiza goran, ya ce, "Chesang, kin zo ta ɗaya."

Yariwo: Ai dole, ke kaɗai ce!... Tsaya. Chesang ya ce?

Chesang: Da bakinsa. Tun rasuwar Inna da sunanta yake kirana, kin sani.

Yariwo: Shi ya sa nake so ya dawo wurina. Yau dutse, gobe rami.

Chesang: A nan in ya ɓata, na san inda zan neme shi. A Kampala ta ina za ki fara? Ki bar mini shi. Duk Asabar zan hau da shi, a hankali.

Yariwo: Hmm. Nonon, da ƙamshin gawayin nan da ake goga wa cikin goran?

Chesang: Har da baƙi-baƙinsa. Na sha har ya zubo mini a haɓa.

Yariwo: Har yanzu ana hango tafkin can nesa, yana ƙyalli?

Chesang: Kamar an yar da madubi. Tsaya, yana magana... Na'am, Baba? Wai ya rage nono, ta biyu ba ta iso ba. Wai kullum Yariwo ce ke tsayawa tsinkar furanni.

Yariwo: Ni? Sharri ne! Sau ɗaya ne kawai!

Chesang: Yaya, katina zai ƙare. Motar fa?

Yariwo: Za ta zo Litinin. Ni za ta kawo, ta koma ba kowa. Ki nemo mini takalmi, kuma ki ce masa kada ya... Alo? Chesang? Alo?