Facin Saniya a Kafaɗar Tanko

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu, 'yan'uwa. Ni ne Tanko mai rake, na wajen Gubuchi. Karatuna bai kai ya kawo ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Bara waccan na ɗaga damin rake zan jefa a mota a kasuwar Makarfi, kafaɗar dama ta ce ƙas. Jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta tsinke. 'Yata Rifkatu, da ke aikin jinya a birni, ta kai ni aka ɗinke. Suka rataye min hannun a wuya, likita ya ce ko kofi kada in ɗauka sai ya ba da izini.

Da yawanku kuna cikin sujada ran da aka ce masu shaida su fito. Ciwo ya lafa, ganga tana daɗi, mata suna guɗa. Ni kuwa da son a kalle ni! Na cire maratayin nan na yar, na wurga hannu sama, na ce Halleluya.

A nan gabanku ɗinkin ya ɓalle. Na ji shi sarai. Hawayen da kuka gani kuka ce na murna ne, na azaba ne.

Ban gaya wa kowa ba, don kunya. Duk inda na bi sai a ce, "Baba Tanko, ɗaga mana hannun mu'ujiza!" Sai in zura hagu ta cikin babbar riga in tallabo gwiwar hannun, in ɗan ɗaga ina washe baki. Tsoho da furfura yana wasan yara da sunan Allah!

Damina ta wuce, kafaɗar ta rame, fartanya ta gagare ni. Sai Fasto ya ce in shirya, za mu taro a Hunkuyi in ba da shaidar nan.

Ranar na shige cikin rake na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, Kai Ka san abin da ke cikin rigar nan. Ka fara warkar min da baki, hannun ya biyo baya in Ka ga dama." Na yi kuka kamar an yi min mutuwa.

Na dawo gida na gaya wa matata Saratu. Ko ɗagowa daga tsintar shinkafa ba ta yi ba.

"Baban Rifkatu, mutumin da ke karɓar tuwo da hagu? Jira nake in ga ranar da za ka gaji."

Da muka koma asibiti, likita ya duba hoto ya girgiza kai. Ya ce jijiyar ta ja baya, ta zama kamar tsohuwar igiya, in an ɗinke ta ita kaɗai zare zai yage ta. Amma akwai wani faci da ake yi da jijiyar saniya, an wanke ta tas har ba abin da ya rage sai saƙar. Za a shimfiɗa shi kan ɗinkin, namana ya bi ya hau kamar yadda kabewa ke hawa rumfa, facin kuma ya narke a hankali.

Na ce, "Likita, ba zan fara tuƙa kamar saniya ba dai ko?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, wannan in ya yage, babu na uku."

Aka yi aikin. Wannan karon na zauna da maratayi kamar sabuwar mai jego. Saratu ta zama soja. Motsin da suka koya min, na rarrafa yatsu a bango, na yi shi kullum, awaki suna kallona. Na je wurin Fasto na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ku ma ina roƙon gafararku, musamman mata masu guɗa.

Hannun bai koma na saurayi ba, damin rake kuwa mun yi sallama. Amma shekaranjiya a gona Saratu ta ɗaure itace tana waige-waigen mai ɗora mata. Na kama gefe ɗaya da hannu biyu, muka ɗaga har kanta. Ta tsaya tana dubana, itace a ka.

Godiya ga Yesu, wanda ya ba likita hikima, ya kuma ji tausayin wawan tsoho. Ku dogara gare Shi, 'yan'uwa, ku bar Shi Ya gama aikinSa kafin ku yi tsalle. Amin.