Ranar da Mota Ta Bar Ni a Zurmi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Hirarku ta ƙwallon zamanin da ta tuna mini lokacin da nake golan 'yan Ƙaura.

A zamaninmu, in mun je Zurmi, direbanmu ba ya kallon wasa. Yana sauke mu zai juya kan mota ya fuskanci gida, don wanda ya ci a garin mutane da gudu yake fita.

Ran nan muna cin su ɗaya, dab da tashi suka buga wata, na cafke ta bisa layi. Alƙali ya ce ba ta shiga ba. Sai ruwan duwatsu! Ragata na nesa, kafin in iso mota ta tafi.

Wani mahauci, Ɗanjuma, wanda tun farko yake bayan raga yana zagina, ya damƙe ni. Na sadaƙar. Sai ya tuɓe rigarsa ya zura mini, ya daka wa matasa tsawa: "Wanga baƙona na, kowa ya taɓa shi da ni ya yi!" Ya kai ni gidansa, ya dire mini tuwo da nama, ya ce, "Ci, ɓarawo."

Yanzu Ɗanjuma na kwance. Da na je dubiya, da ƙyar yake magana, amma ya jawo hannuna ya ce, "Ta shiga."

Jama'a, ku sa shi a addu'a. Baba Ɗanjuma, Allah ya tashi kafaɗunka mu ci gaba, don wallahi ba ta shiga ba.

Naku, Sani Gola, Ƙauran Namoda.