Muryar Mama a Laftof ɗin Hanzala

Ni'ima: Salamu alaikum. Yaya Hanzala, kana ji na?

Hanzala: Wa alaikumus salam, sama-sama nake jin ki. Ya gida, Ni'ima?

Ni'ima: Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?

Hanzala: Sai godiyar Allah. Baba ya sa wani abu a cikinsa?

Ni'ima: Kunu ya ɗan kurɓa. Mutanen kasuwar Shasha ma sun zo gaisuwa ɗazu. Kun samu itacen sadakar?

Hanzala: Ana lodi nan kasuwar Akinyele. Ke lafiya? Na ji muryarki wani iri.

Ni'ima: Kar ka yi faɗa. Na buɗe laftof ɗinka.

Hanzala: Ke da kike cewa fuskar laftof ɗin kamar gindin tukunya?

Ni'ima: Muryar Mama nake nema. Wadda ka ɗauka ranar da ta faɗi, kana cewa ita za ta riƙa yi maka magana duk ka kunna. Na tarar a kunne take, wata 'yar fitila ja tana ta ƙyaftawa.

Hanzala: Innalillahi. Ni'ima, ban adana ba.

Ni'ima: Ba ka me? Layin na yankewa.

Hanzala: Ban adana ba! Tsarin da na sa mata ɗan mitsitsi ne, a ka take riƙe komai. In ta ɗauke ba a adana ba, shi ke nan. Ina cikin gyara sautin kika ƙwala ihu, na kifa murfin na fito. Wallahi ban sake tunawa ba. Sa caja.

Ni'ima: Tun jiya babu wuta a Sabo.

Hanzala: Janareton maƙwabcinmu Mahmudu fa?

Ni'ima: Yana wajen gyara. Gaya min inda zan danna kawai. Ba hoton dannawa ko ɗaya, ko kibiyar nan ban gani ba.

Hanzala: Duk na cire su, nauyi suke sa mata. Da madannai ake komai. Riƙe Caps Lock ki danna S.

Ni'ima: F?

Hanzala: S, na Sabo.

Ni'ima: Ai rubutun madannan duk ya goge... Wayyo, komai ya ɓace. Hoton gadar Mokola kawai ya rage. Na lalata ko?

Hanzala: Ba ki lalata ba, wani ɗakin kika shiga. Ɗakuna na yi mata, kowane da tagoginsa. Riƙe Caps Lock ɗin ki danna ɗaya.

Ni'ima: Ya dawo. Kai dai Yaya, kowa na gina gida da ƙofa, kai ka toshe taka.

Hanzala: Zage ni anjima. S yana kusa da A, layi na tsakiya.

Ni'ima: Oya, na danna. Wani ɗan akwati ya fito da Turanci. Wai bai ga inda zai ajiye ba.

Hanzala: Filashin da take ajiya a kai bai zauna ba ne. Duba gefen dama, ɗan shuɗi, tura shi.

Ni'ima: Ba komai a dama. Hagu ma ba komai.

Hanzala: Duba sosai, don Allah.

Ni'ima: Na duba. Yaya?

Hanzala: Ga shi a jikin makullin babur ɗina. Ni na zare shi, ina nuna wa Mama cewa ko babu shi tana aiki. Har ta ce min to me amfaninsa.

Ni'ima: Ta ajiye a cikinta mana.

Hanzala: Babu diski a cikinta, tun a kasuwar Dugbe haka na saye ta. Ba wani filashi a gidan?

Ni'ima: A ina? Ka hawo babur yanzu yanzu.

Hanzala: Hanyar Ojoo a cushe take, ba zan iso ba. Nemo waya mai ɗaukar murya. Ta Anti Mero.

Ni'ima: Tana shagon caji bakin masallaci. Wayar kowa ta mutu, 'yar wayata mai tocila ce kaɗai ta rage, katin ma ya kusa. Yaya, hasken ya fara dusashewa. Ina jin tsoro. Ko hoto Mama ba ta yarda a yi mata, wannan kaɗai muke da shi.

Hanzala: Na sani. Kan me ma na yi ta wahalar nan, wai don ta yi sauri.

Ni'ima: In ruga shagon?

Hanzala: Kafin ki dawo ta tafi. Tura ƙofa, kar Baba ya ji. Kina ganin taga mai zane kamar haƙoran zarto?

Ni'ima: Ina gani.

Hanzala: Danna dogon madannin ƙasa. Ki kara wayar a jikinta.

Ni'ima: In ya cinye sauran batirin fa?

Hanzala: Danna, Ni'ima.

Muryar Mama: ...me zan ce mata, ita injin? Kai, yaron nan. To, Hanzala, Allah ya yi maka albarka, kai da ƙanwarka. Oya, rufe wannan abin ka zo ka ci tuwonka tun bai huce ba. Kana ji na kuwa? Hanzala?

Hanzala: Na'am, Mama.

Ni'ima: Yaya, ta ɗauke. Ka ji har ƙarshe? Yaya, ka j—