Kujerun Baya

A wurin sayar da motoci a Kawo, wani dattijo da wani matashi suna zaune kan benci ɗaya, suna jiran dillalin da ya ce yanzu zai dawo tun da hantsi.

"Baba, wacce za ka ɗauka?" in ji matashin.

"Waccan babbar jif ɗin. Tana ɗaukar mutum takwas, kuma za ta ja mini tankin ruwa zuwa gona."

"Da ka nemi ƙarama. Irinta gare ni, sayarwa na zo yi. Duk wanda ya rasu a Hayin Banki, ƙofata ake bugawa. A kwantar da kujerun baya, a saka makara. Yarana sun daina yarda su zauna a baya."

Dattijon ya daɗe yana kallon motar.

"Makara tana shiga gaba ɗaya? Har a rufe ƙofa?"

"Har a rufe."

"To ita zan saya. Uwar 'ya'yana a bayan a-kori-kura muka kai ta, ana ruwa."

"Allah ya ji ƙanta, Baba."

"Amin. Direban ma sauri yake ta yi, wai lodin siminti na jiransa."