Goron Da Aka Maido Mini

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Illiya tela, daga nan Tasawa.

Shekara goma sha ɗaya ina haya a shago guda bakin kasuwa. Duk kaka nakan kai wa mai shagon, Alhaji, ƙwaryar goro, ya ɓare ɗaya ya ce, "Illiya, ci gaba da zamanka." A wurina shi ke nan an sabunta haya. Shekara uku baya ya sa na dangwala hannu a wata takardar Faransanci, na jefa ta ƙasan akwati, ban ba kowa ya karanta mini ba.

Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Bana na kai wa babban ɗansa goron, ko taɓa shi bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Baba Illiya, koma da abinka." Bayan kwana uku ina kan keken ɗinki, sai ga mutum biyu suna auna ƙofata, ko sallama babu.

Na ruga da takardar wurin wani mushen lakkol, wato malamin makaranta. Ashe yarjejeniyar haya ce ta shekara uku. Ya ce doka ta ba irina damar sabunta haya, amma sai na nema a rubuce ta hannun ma'aikacin kotu, wata uku kafin wa'adi ya cika. Ni kuwa saura kwana arba'in. Jiya an jibge siminti bayan shagon.

Malam, ka tambayar mini masana shari'a, akwai sauran hanya? Ina gaida teloli 'yan'uwana na Gidan Amumune. Ku fiddo takardunku yau ɗin nan. Goron ga shi gabana, ya fara bushewa.