Wurin Miƙe Ƙafa

A bencin garejin mai walda, wani dattijo ya dubi saurayin da ke gefensa.

"Samari, taka ce jif ɗin da aka sauke wa inji?"

"Tawa ce, Baba. Babba za a sa, saboda yashin hanyar gonarmu."

"To me ya haɗa ku musu da mai walda?"

"Wai can baya zai liƙa mazaunin injin a jikin shasi. Sai injin ya cinye wurin ƙafar mai zaman gaba. Ita kuwa doguwa ce."

"Maiɗakinka?"

"A'a, ban ma furta mata ba tukuna."

Dattijo ya yi dariya har da tari.

"To ka ce ya ɗan ɗiga walda kawai, kada ya ƙarasa sai ta amsa. Ni ma doguwa na auna wa tawa motar, gajeriya na aura."